Mazhabobin ilimin halayyar ɗan Adam ma suna da isnadi

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da aiki, ina gaida ma'aikatanka da masu karatun wannan jarida. Ni tsohon malamin lakwal ne a nan Tawa. Na yi shekara goma sha ɗaya riƙe da alli a ƙauyukan Adar, sannan na yi shekara goma sha tara ina koyar da masu shirin zama malamai darasin da muke kira sikopedagoji, wato sanin halin yaro da dabarun koyar da shi. Yanzu na yi ritaya.

Da hutun damina ɗiyar ƙanwata ta zo mana daga Yamai, inda take karatun sikoloji, ilimin halayyar ɗan Adam. Wata rana bayan la'asar na tarar da ita a zaure tana haddar wata takarda da ɗalibai ke tura wa juna ta waya. Gida shida aka zana a jikinta, kowane gida da suna da shekara: Wundt 1879, James 1890, Freud 1900, Wertheimer 1912, Watson 1913, Maslow 1943. Na ce mata, ɗiyata, me ya haɗa Watson faɗa da almajiran Wundt? Ta ce, Kawu, ai ba a tambayar wannan a jarrabawa. Bayan kwana biyu wani malamin unguwarmu, mutumin kirki da nake bin salla a bayansa, ya ja ni gefe ya ce in yi wa uwarta magana a sauya mata karatu, don ya ji an ce wanda ya ƙago wannan ilimi bai yarda da Allah ba. Ita ta haddace sunaye babu labari, shi kuma ya ji labarin mutum ɗaya ya ɗora wa sauran. Abin ya tsaya mini a rai, domin ni ma shekaru da yawa irin wannan takarda na riƙa rubuta wa ɗalibaina a allo.

Mu da muka tashi a gaban malaman zaure mun san ba haka ake karanta mazhaba ba. Tun kana Ahalari da Ishmawi za ka ji cewa Imamu Malik a Madina ya zauna, shi ya sa ya ba aikin mutanen Madina nauyi, don jikokin sahabbai ne ke kewaye da shi. Abu Hanifa a Kufa yake, garin baƙi da sababbin mas'aloli, sai ƙiyasi ya yi ƙarfi a wurinsa. Imamu Shafi'i da ya koma Masar ya sake duba wasu fatawoyinsa, har ake cewa tsohuwar magana da sabuwa. Ana gaya maka wa ya karantar da wa, a wane gari, wace tambaya ce aka kawo masa. Ban daidaita fiƙihu da sikoloji ba, wancan yana da tushen wahayi, wannan kuwa laluben ɗan Adam ne. Ladabin karatun nake nufi. Mutanen cikin gidajen nan shida su ma kowane da garinsa, da malaminsa, da matsalar da ta hana shi barci.

Zan fara daga inda takardar ba ta fara ba. A 1796 shugaban gidan duban taurari na Greenwich a Ingila, Maskelyne, ya kori mataimakinsa Kinnebrook daga aiki, don lokacin da yake rubutawa in tauraro ya gifta ya bambanta da na maigidan da abin da bai kai sakan ɗaya ba. Aka ɗauka sakaci ne. Bayan shekara ashirin wani Bajamushe mai ilimin taurari, Bessel, ya karanta labarin, ya gwada kansa da abokan aikinsa, sai ya ga kowa da nasa jinkirin tsakanin gani da rubutawa. Ashe gani ma yana cin lokaci. Wajen 1850 Helmholtz ya auna gudun saƙo a jijiyar kwaɗo, ya samu bai wuce kimanin mita 30 a sakan ba. Daga nan tunani ya shiga: in saƙon jijiya yana aunuwa, me zai hana a auna hankali? Wilhelm Wundt likita ne da ya yi wa Helmholtz aikin mataimaki a Heidelberg. Ɗakin gwajin da ya buɗe a Leipzig a 1879, wanda ake ƙirga haihuwar wannan ilimi daga gare shi, ɗan wannan tambaya ne. Agogo ne a ciki da na'urori masu ƙwanƙwasa, da mutane da aka horar su riƙa faɗin abin da suka ji a ransu daidai lokacin da suka ji ƙara ko suka ga haske.

Akwai abin da ba a cika faɗa ba game da Wundt, kuma shi ya fi shafarmu. Shi da kansa ya yarda cewa manyan al'amuran hankali ba za su shiga ɗakin gwaji ba, sai an bi ta harshe da tatsuniya da al'ada. Shekara ashirin na ƙarshen ransa, daga 1900 zuwa 1920, ya yi su yana rubuta mujalladi goma a kan haka. Almajiransa da suka ƙetara Amurka agogon suka ɗauka, suka bar wannan rabin a Jamus.

Ɗaya daga cikinsu, Titchener na jami'ar Cornell, ya ɗauki hankali kamar yadda mai haɗa magani ke ɗaukar gari, yana son ya rarrabe ƙwayoyinsa ɗaya-ɗaya. Har ya lissafa ire-iren ji da gani fiye da dubu 44. To a nan gizo ya yi saƙa. Wasu masu gwaji a Würzburg suka ce sun leƙa zukatansu sun tarar da tunanin da ba shi da hoto ko kaɗan, mutanen Titchener suka ce su sun leƙa sun ga hoto, waɗancan ba su iya leƙe ba ne. Wa zai raba gardama? Babu alƙalin da zai shiga zuciyar wani ya gani. Wannan gardama ce ta kashe kasuwar leƙen zuciya, kuma ita ce amsar tambayar da na yi wa ɗiyata.

John Watson a kan ɓeraye ya yi digirinsa na dakta a Chicago, ɓera kuwa ba ya faɗin abin da ke ransa. A 1913 ya fito ya ce a daina maganar abin da ba a gani, a tsaya ga abin da halitta ke aikatawa, wanda mutum biyu za su iya kallo su yarda. Ya samu makami daga Rasha. Ivan Pavlov, ɗan limamin coci, ba hankali yake bincike ba, narkewar abinci yake bi, a kanta aka ba shi kyautar Nobel a 1904. Yana auna miyan karnuka sai ya lura suna dalala tun daga jin takun mai kawo abinci. Ya riƙa haɗa wata ƙara da abinci har ƙarar kaɗai ta isa ta sa miyau ya zubo. Kakanninmu sun ce wanda maciji ya sara in ya ga tsumma sai ya gudu. Sun ga abin da Pavlov ya gani, shi dai ya ƙirga ɗigon miyan, ya kuma gano yadda ake warware sabon. A 1920 Watson ya gwada haka a kan jariri, ya riƙa buga ƙarfe a bayansa duk lokacin da ya miƙa hannu ga farin ɓera, har yaron ya koma kuka da ganin ɓeran. Zalunci ne, ba na ɓoye wa ɗalibai haka. A shekarar ya bar jami'a ya koma kamfanin talla, inda ya riƙa sayar da kaya da wannan dabara. Ya yi alfaharin cewa a ba shi jarirai goma sha biyu masu lafiya, zai mai da kowanne abin da ya ga dama, likita ko ɓarawo. Maganar ta dace da Amurkar lokacin, ƙasar masana'antu da baƙi masu kwararowa, wadda ke son a ce mata ana iya ƙera mutum kamar mota.

Duk da haka wannan mazhaba ta masu duban aikin zahiri ita ce ta fi yi mini amfani a aji. Skinner, wanda ya gaje ta, ya nuna da ɓeraye da tantabaru cewa horo yana danne hali na ɗan lokaci ne kawai, lada kuwa ita ke dasa shi. Na shiga aiki da bulala a hannu kamar kowa a lokacin. Akwai wani yaro a ajina na CP, ajin ƙananan yara, ɗan makiyaya, da in na tunkaro tebur ɗinsa sai ya ɗaga hannu ya kare kai, ko alheri na zo yi masa. Da na karanta Pavlov da Skinner na gane cewa ni ne na zama ƙarar nan a wurinsa, kuma karatun kansa ya fara zame masa maciji. Na ajiye bulala a wannan shekara, ban sake ɗauka ba. Yaron ya yi wata huɗu kafin ya daina kare kansa.

Sai Freud, wanda malaminmu ke nufi. Malam bai yi ƙarya ba. Freud ya rubuta ƙarara a 1927 cewa addini ruɗi ne da ɗan Adam ya ƙirƙira don tsoro da neman uba. Mumini ba zai karɓi wannan ba, ni ma ban karɓa ba. Amma Freud bai kafa sikoloji ba, ko ɗakin Wundt bai fito ba. Likitan jijiya ne a Viyana, da rashin kuɗin aure ya fitar da shi daga ɗakin bincike ya buɗe wurin duba marasa lafiya. A 1885 ya je Paris wurin Charcot a asibitin Salpêtrière, ya ga mata da hannu ko ƙafa ta shanye alhali jijiyarsu lafiya lau. Abokinsa Breuer yana da wata majinyaciya da ke samun sauƙi in ta amayar da abin da ke cin ranta, ita ce ma ta raɗa wa abin suna maganin magana. Daga nan Freud ya gina ra'ayinsa cewa zuciya tana da ɗakin ajiya da mai ita bai san abin da ke ciki ba, kuma abin da aka danne yana fitowa ta mafarki, ta suɓutar baki, ta ciwon jiki. Wannan ɓangare na gani da idona. Na san amaryar da muryarta ta ɗauke mako biyu bayan an kai ta gidan da ba ta so, likita ya duba maƙogwaro bai ga komai ba.

Inda ya yi tuntuɓe shi ne da ya ɗauki gidan attajiran Viyana, miji ɗaya, mata ɗaya, 'ya'ya a ɗaki a kulle, ya ce haka zuciyar kowane ɗan Adam take, kowane yaro kishin ubansa yake yi a kan uwarsa. A kawo wannan awo gidan Bahaushe, inda uwa ke kunyar ɗan fari har ba ta kiran sunansa, inda ake yaye yaro a kai shi wurin kaka, inda gwaggo ke ɗaukar riƙo, inda ɗaki huɗu ke kallon tsakar gida ɗaya. Kishin da muka sani har muka ba shi suna shi ne 'yan ubanci. Wasu Faransawa biyu, mata da miji, Marie-Cécile da Edmond Ortigues, da suka yi aiki a asibitin Fann na Dakar, sun wallafa a 1966 cewa a can ma gasar ta fi karkata ga 'yan'uwa da tsara, uba kuwa yana can sama kusa da kakanni, ba a ja da shi. Tun kafin nan ma manyan abokan tafiyarsa sun balle, Adler a 1911, Jung a 1913. Wanda ya san wannan ba zai ce sikoloji Freud ne ba, ba kuma zai haɗiye Freud da ƙashinsa ba.

Mutanen Gestalt ba zan daɗe a kansu ba. Wertheimer da Köhler da Koffka sun ce wa masu rarrabe ƙwayoyi, in ka tsinka waƙa zuwa sauti ɗaya-ɗaya waƙar ta tafi, kuma mai gurmi yana iya ɗaga murya ko ya sauke, kowane sauti ya sauya, amma ka gane waƙar. Hankali dunƙule yake kama abu. Hawan Hitler mulki a 1933 ya tarwatsa aikinsu a Jamus, duka ukun a Amurka suka ƙare. Haka ma ba zan daɗe a kan Maslow da Rogers ba, waɗanda suka gaji da jin ana kwatanta mutum da ɓera ko da majinyaci, suka ce a dubi mai lafiya da burinsa. Tsanin buƙatun Maslow, ci da sha a ƙasa, cikar burin kai a sama, yana da gaskiyarsa, da ruwan ciki ake jan na rijiya. Sai dai na ga shekarun yunwa a Adar, na ga matar da ta ba baƙo hurar da ta rage don kada a ce gidan ya rasa mutunci. A wurinta mutunci ba ya jiran ciki ya cika.

Wanda ya fi kowa shiga lakwal ɗinmu shi ne Piaget, don ta hannun Faransa muka karɓi karatun. Shi ma ga asalinsa. Faransa ta wajabta karatun yara a 1882, azuzuwa suka cika da yaran da ba sa bin darasi, hukuma ta nemi hanyar gane masu buƙatar taimako. Binet da Simon suka fitar da gwajinsu a 1905. Binet ya yi gargaɗi kada a ɗauki sakamakon a matsayin hatimin da aka buga wa yaro har abada, amma da gwajin ya ƙetara Amurka sai aka yi da shi abin da ya hana, aka riƙa jera jinsunan mutane da shi. Piaget, ɗan Swizalan da ya fara da binciken dodon koɗi, ya zo Paris wajen 1920 yana taya Simon aikin gwajin yara. Amsoshin da ba daidai ba su suka ja hankalinsa, don ya ga yara masu shekaru ɗaya kuskure iri ɗaya suke yi. Daga nan, da kuma kallon 'ya'yansa uku, ya tsara matakan girman hankali.

Ga abin da ya faru da ni. Ina sabon malami a wani ƙauye ta wajen Kalfu, na ce bari in gwada abin da na karanta. Na kira wata yarinya 'yar shekara takwas, na zuba ruwa daidai a kofi biyu, ta yarda daidai suke. Na juye ɗaya cikin doguwar kwalba, na sake tambaya. Ta sunkuyar da kai ta nuna kwalbar. Na rubuta a littafina cewa ba ta kai matakin gane cewa yawa ba ya sauyawa da sauyin mazubi ba. Ran kasuwa sai na gan ta tana saye wa uwarta hatsi, ta ƙi yarda a auna mata da wata tiya don gindinta ya lotsa ciki, ta nace sai an kawo wata. Yarinyar da na ce ba ta san awo ba! Na bi ta wurin uwarta na tambaya. Abin da ta ce shi ne, Mushe, wato ni malaminta, babba ne, ba zai sake tambaya ba in ba wani abu ya sauya ba. Ladabi ta yi mini, ni kuma na rubuta shi a matsayin ƙarancin hankali. Daga baya na karanta cewa Patricia Greenfield ta gamu da makamancin haka a wurin yaran Wolof a Senegal a shekarun 1960. Waɗanda ba su shiga lakwal ba sukan ce ruwan ya ƙaru don ita ce ta zuba, amma in aka bar yaro ya zuba da hannunsa, da yawa sai su ce daidai yake. Piaget bai yi ƙarya a kan yaran Janeba, birnin Swizalan da ya yi aiki, ba, waɗanda suka saba babba ya tambaye su abin da ya riga ya sani. Da an gaya mini a gaban waɗanne yara aka haifi gwajin, da ban zalunci yarinyar nan a littafina ba. Yara nawa aka yi wa irin wannan rubutu a ƙasar nan?

Kada a ce wannan tsohon zance ne. A 2008 wani masani, Jeffrey Arnett, ya duba manyan mujallun wannan fanni, ya tarar kashi 68 cikin ɗari na mutanen da aka yi bincike a kansu Amurkawa ne, kashi 96 daga ƙasashen Yamma masu masana'antu, waɗanda ba su wuce kashi 12 na mutanen duniya ba.

Akwai kuma reshen isnadin da ya taɓa mu kai tsaye, mai ɗaci. A zamanin mulkin mallaka likitocin ƙwaƙwalwa na Aljas, babban birnin Aljeriya, ƙarƙashin Antoine Porot, sun koyar da cewa mutumin Arewacin Afirka ƙwaƙwalwarsa ba ta gama nuna ba. A 1953 Carothers ya rubuta wa Hukumar Lafiya ta Duniya rahoto yana kwatanta Baƙar fata mai lafiya da Baturen da aka yanke wa gaban ƙwaƙwalwa. Da rigar ilimi aka faɗi waɗannan. Waɗanda suka mai da martani su ma 'yan fannin ne. Frantz Fanon ya yi daga asibitin Blida a Aljeriya. Thomas Lambo ya yi a Aro kusa da Abekuta, inda tun 1954 ya riƙa saukar da majinyata a gidajen ƙauye tare da danginsu, yana aiki da masu maganin gargajiya, har ya kai mataimakin shugaban hukumar nan da ta buga rahoton Carothers. Henri Collomb a Fann, daga 1959, ya buɗe ƙofa ga dangi da zaman shawara irin na dandalin ƙauye. Ban ga ko ɗayansu a takardar ɗiyata ba.

Ga malaminmu kuwa, da na koma wurinsa ban yi masa gardama ba, Abu Zaid al-Balkhi na kai masa. Wannan malami ya rasu a 934, ya bar littafi a kan gyaran jiki da rai, wanda aka adana kwafinsa a Istanbul. Ya kasa ciwon rai gida huɗu: fushi, tsoro, baƙin ciki da waswasi. Ya bambanta baƙin cikin da ke da sanadi, kamar rashi ko asara, da wanda ke sauko wa mutum haka kawai, ya ce na biyun yana da alaƙa da jiki, yana son magani. Ya ba da shawara mutum ya tanadi kyawawan tunani tun yana cikin natsuwa, kamar yadda ake ajiye magani a gida don ranar ciwo. Malik Badri, masanin Sudan da ya rasu a 2021, shi ya fassara sashensa na gyaran rai zuwa Ingilishi, kuma shi ne ya daɗe yana gargaɗin Musulmi masu wannan fanni kada su bi Turawa har cikin ramin damo. Wanda ya san aikin Aaron Beck, likitan ƙwaƙwalwa na Amurka, zai ji kamar ya taɓa jin wannan magana. Beck a mazhabar Freud ya yi karatu, amma a shekarun 1960 ya lura masu ciwon baƙin ciki suna da wasu tunane-tunane da ke faɗo musu da kansu, ni ba kowa ba ne, ba abin da zai gyaru, sai ya koma koya musu su tuhumi waɗannan tunane-tunane. Lokacin kuwa kwamfuta ta fito, ta ba masana ƙarfin halin sake maganar abin da ke gudana a cikin kai bayan shekaru arba'in na hanin Watson.

A nan ina jan kunnen 'yan'uwana masu cewa ai duk mu muka fara. Babu silsila tsakanin Balkhi da Beck, kowanne da ƙafarsa ya iso. Gazali ya yi bayanin abubuwan mamakin zuciya a cikin Ihya, Alƙur'ani ya ambaci rai mai umarni da mummuna, da mai zargin kansa, da mai natsuwa, Ibn Sina ya yi dogon nazari a kan rai. Gado ne mai girma. Amma ƙirgawa da gwadawa da yarda a ƙaryata ka in sakamako ya saɓa, wannan mutanen Leipzig da magadansu ne suka gina shi, kuma muna buƙatarsa. Malam ya saurare ni har na gama, ya ce in kawo masa littafin Balkhi da Larabci ya gani da idonsa. Na aika a nemo. Bai sake maganar sauya karatu ba, bai kuma ce ya janye ba.

Abin da ke damuna shi ne ranar da ɗiyata za ta gama ta zauna gaban majinyaci. A nan Tawa wanda ransa ya rikice ba wurinta zai fara zuwa ba. Za a fara da rubutun sha da ruƙiyya, wasu su bi ta wurin 'yan bori, sai abin ya gagara a nufi likita, wani lokaci har Pabiyon E, sashen masu taɓin hankali na babban asibitin Yamai, tafiyar fiye da kilomita 500. Kafin ya iso gabanta an riga an ba ciwon suna sau biyu ko uku: iska, sammu, maita, waswasi. In abin da ke hannunta gidaje shida ne na hadda, ko dai ta raina duk abin da dangi suka faɗa, su kuma su ɗauke majinyacinsu su tafi, ko ta ajiye karatunta a ƙofa ta bi su. In kuwa ta san cewa Freud amsar matan Viyana ya bayar, Watson amsar gardamar Würzburg, Binet amsar cunkoson azuzuwan Paris, za ta iya tambayar kanta wace ce tambayar Tawa, wanne daga cikin kayan nan zai yi aiki a kanta. Wata Bafaransa, Nicole Échard, ta yi shekaru tana nazarin borin Adar ta rubuta shi da Faransanci. Jikokin waɗanda ta yi hira da su ba su da shi da harshensu.

Roƙona gare ka biyu ne, Malam Edita. Tunda kundin da aka fitar a 2025 ya ɗaga Hausa ta zama harshen ƙasa a Nijar, ka ware mana fili ko sau ɗaya a wata, a riƙa kawo tarihin waɗannan mazhabobi ɗaya bayan ɗaya da Hausa, kowace da garinta da malamanta da masu sukarta, a sa Balkhi da Lambo da Fanon a cikin jerin. Na biyu, malaman jami'o'inmu na Yamai da Tawa da Maraɗi da Damagaram, da 'yan'uwanmu na Kano da Sakkwato da Zariya, su shigo a daidaita kalmomi. Faransanci yana da kalma ɗaya inda mu muke da hankali da zuciya da rai da kurwa, kowace da wurin zamanta: hankali ke gushewa, zuciya ke ɓaci, rai ke fita, kurwa ake kamawa. A rubutun da na fara, na kira hanyar Wundt leƙen zuciya, ta Freud tonon zuciya, ta Watson duban aikin zahiri. Na san akwai waɗanda za su kawo waɗanda suka fi su, ina maraba.

Na riga na rubuta kashi na farko, daga korar Kinnebrook zuwa ɗakin Leipzig, shafi tara da hannu. Ɗiyata ta tafi da shi Yamai za ta buga mini a kwamfuta, ta ce za ta fara karanta wa abokan ɗakinta ta ji inda bai fito ba. In ka ba da fili, zan aiko maka da shi kafin ƙarshen wata.

Wassalam.

Naka,
Tsohon malamin horar da malamai,
Unguwar Wadata, Tawa